Abin da Na Gani a Ƙarƙashin Kunnen Hafsatu

Tun ranar da na aika aka kira mini Lawan daga bakin mota, alhali an riga an loda goro da alewa za a tafi Miga nema wa ɗansa Sadiƙu auren Hafsatu 'yar Rakiya, gidan nan bai koma daidai ba. Lawan ɗana ne na fari, Rakiya ce autata, yaran nan biyu kuwa jikokina ne da suka tashi a gabana suna son juna. Ni na hana tafiyar. Ina jin abin da ake faɗa a bayan idona. Wasu sun ce tsufa ne ya fara taɓa ni, wasu sun ce da ma akwai wadda nake so Sadiƙu ya aura. Rakiya ta yi wata biyu ba ta kira ni a waya ba. Shi ya sa na sa aka sayo mini littafi da biro, don in rubuta muku abin da ya faru a kwana ukun farko na rayuwar Hafsatu, yadda na gan shi. Ban yi alkawarin warware muku komai ba, don ni kaina har yau akwai inda na tsaya ban gane ba.

Kun san mahaifinku, Allah ya ji ƙansa, fataucin busasshen kifi da fata ya yi, kuma ba ya barin iyali a baya. Ta dalilinsa na zauna Njamena, na zauna Umdurman, na yi shekaru a Jidda, na ƙare da Agege kafin mu dawo Haɗeja. Barbarci tun a gida na taso da shi, Larabci da Yarbanci kuwa a bakin maƙwabta da kasuwa na tsince su. A ƙasa uku na haihu, kuma duk inda na zauna sai na shiga ɗakin masu jego ina kallo. A Umdurman na ga ana ɗora jariri a ƙirjin uwarsa tun ba a gama gyara ta ba. A Agege na ga uwar miji ta kwantar da jinjiri a cinya tana yi masa ɗuren jiƙon ganye da tafin hannu, yana ihu tana yi masa waƙa. A Jidda maƙwabta kan shayar da 'ya'yan juna ba tare da wani nauyi ba, sai dai akwai wata tsohuwa a benenmu da ke rubuta wa ya sha nonon wa a bayan littafin addu'o'inta. Mu kuwa a Haɗeja, yadda na taso na gani, wannan nonon farko mai kauri da muke kira dakashi matse shi ake yi a zubar, a riƙe jariri da ruwan dabino da madarar akuya har fari ya zo. Ko'ina na ga 'ya'ya sun rayu, ko'ina kuma na raka gawar wasu. Na dawo gida mata suna cewa Hajiya ta ga duniya, a tambaye ta. Gaskiyar magana ita ce hanya huɗu na dawo da ita a kaina, ban kuwa taɓa zama na zaɓi ɗaya ba, don ba a taɓa matsa mini ba.

Shekarar da Rakiya ta zo goyon ciki, ruwa ya yi yawa. Kogi ya cika ya haura, fadama ta zama tafki ɗaya, shinkafar mutane ta nutse, hanyoyin ƙauyukan gabas duk suka yanke. Wannan ya shafe mu, domin matar da na yi wa magana ta zo ta zauna da Rakiya tana wani ƙauye ne bayan Kirikasamma. Sunanta Ya Falmata, asalin iyayenta daga wajen Tafkin Chadi. Ita ba ungozoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa, ba ta yanke cibiya. Aikinta shi ne ta zauna da maijego daga haihuwa har arba'in, musamman mai haihuwar fari, ta koya mata riƙon jariri da ba shi nono, ta tsaya tsakaninta da surutun mutane. Mun yi da ita za ta zo da sauran mako guda. Sai haihuwar ta riga lissafinmu, ruwa kuma ya tsare ta a can.

A asibiti Rakiya ta haihu da hantsi, da yamma aka sallame mu. Wata ma'aikaciya ta biyo mu har bakin ƙofa tana cewa nono zalla za a ba yarinyar, ko ruwa kada a ɗiga mata. Na ce to. A raina na ce ga hanya ta biyar.

A gida muka tarar da Gwaggo Dije, yayar mahaifinku, ta riga ta sa an ɗora tukunyar wanka, ta aika an yanko ganyen darbejiya. Gwaggo ba ta taɓa wuce Gumel ba a rayuwarta, amma ba ta taɓa shakkar komai ba, kuma ina jin kunyarta tun ina amarya. Ita ta zauna a bakin gado, ni a gefenta, 'yan barka suka cika sauran ɗakin. In yarinya ta yi kuka sai a miƙa wa Rakiya, ita kuwa ta karɓa hannu a sanyaye, ta juya fuska bango, ta tura mata nonon ba ta ko dubawa. Yarinyar ta kama kan kawai ta ja, ta saki, ta tsandara ihu. Mata su ce a sake, a sake ɗin. Kafin gari ya waye kan nonon ya tsage, Rakiya tana cije leɓe duk sa'ad da aka nufo ta da jaririyar.

Da safiyar kwana na biyu Gwaggo ta ce a kawo ƙoƙo.

"Za a gwada nonon nan. Yarinya ba ta ƙin nonon uwarta a banza."

Aka matsa kaɗan a ƙoƙon, rawaya mai danƙo. Ta fita tsakar gida ta kamo tururuwa uku ta jefa a ciki. Haka ake yi tun kakanni: in suka yi iyo suka fita, nono lafiyayye ne, in suka mutu a ciki, yana da dafi. Muka sunkuya mu shida a kan ƙoƙo ɗaya muna kallo. Suka yi ta mutsu-mutsu. Ɗaya ta kai gefe ta zame ta koma. Can duk suka yi shiru.

"Kun gani da idonku," in ji Gwaggo. "Irin na uwata ne, ita ma sai da aka wanke mata shi. Ba za ta ƙara sa shi a bakin yarinyar nan ba sai ta sha saiwa kwana bakwai. A tatso akuya."

Rakiya ta ja mayafi ta rufe kai. Mata suka juyo suna kallona, wai Hajiya da ta ga duniya me za ta ce. Na buɗe baki, sai na ji Umdurman tana ce mini a ba ta, Haɗeja tana cewa a hana, ma'aikaciyar asibiti tana cewa ko ruwa a'a, ga kuma tururuwa uku a mace a gabana, waɗanda ban ga an gwada a ko'ina ba balle in san ƙaryarsu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Madarar akuyar ba ta zauna ba. Ana ba ta da cokali tana dawowa da ita. Zuwa la'asar kukan ya canja, ya zama siriri kamar na 'yar kyanwa. Na taɓa tsummanta na ji shi a bushe tun safe. Na shafa maɗigarta na ji kamar ta fara faɗawa. Na taɓa ganin wannan a Njamena, a jikin ɗan wata maƙwabciyata, kuma na san inda ya ƙare. Gwaggo ta fita alwala. Na ɗauki yarinyar na ce zan kai ta ta sha iska, na ratsa tsakar gida na shiga sashen Lawan.

Binta matar Lawan, Allah ya haskaka kabarinta, tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa, Sadiƙu ɗan wata huɗu yana barci a gefenta. Nono gare ta har yana jiƙa mata riga.

"Binta, karɓi yarinyar nan ki gwada mata."

"Ni, Inna? Gwaggo ta sani?"

"Ni na sani. Yi sauri."

Ta goge hannu a zane ta karɓa. Na durƙusa a gabansu, fuskata dab da kan jaririyar. Ban san tsawon lokacin ba. In na ce a karanta Fatiha sau biyar, wataƙila na rage, wataƙila na ƙara. Sai muka ji muryar Gwaggo a tsakar gida tana tambayar ina aka kai jaririya da yamma haka. Binta ta zare ta da sauri ta miƙo mini, ta ja riga.

"Ba ta kama ba, Inna. Lasa kawai ta yi, wasa take da shi."

Na ce to, Allah ya yi miki albarka. Na mayar da yarinyar ɗaki. Ta yi barci har aka kira magariba.

Kada wani ya ce ban san hukuncin shayarwa ba. Na sani sarai cewa nono yana haramta abin da jini ke haramtawa, wanda ya sha nonon mace ya zama ɗan'uwan 'ya'yanta. Amma ina ratsa tsakar gidan nan ina lissafi da kaina. Matan Jidda sun ce sai an sha sau biyar an ƙoshi. Malamanmu na nan sun ce ko ɗigo ɗaya ne, in ya kai ciki, shi ke nan. Binta kuma, mai nonon, ta ce ba ta sha ba. Na ɗauki wadda ta fi mini sauƙi na riƙe.

Washegari da hantsi Ya Falmata ta iso. Kwalekwale ya fito da ita, ta ƙarasa a bayan babur, zanenta jiƙe har gwiwa, ƙullin kayanta a ka. 'Yar ƙaramar mace ce baƙa, mai tsagen Barebari, ba ta da saurin magana. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙirga mu da ido.

"Sannunku. Nan ne ɗakin maijegon, ko kasuwar kifi na shigo?"

Gwaggo ta ba ta labarin tururuwa tun daga farko. Ya Falmata ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba, sa'an nan ta ce a kawo mata zuma a ƙoƙo. Ta fita da kanta ta kamo tururuwa uku ta jefa. Ba su ko kai gefe ba.

"To, Dije, zumar ma a zubar?"

"Ke dai Babarbariya ba ki da ta ido," in ji Gwaggo. "Zuma daban, nono daban."

"Danƙonsu ɗaya. Allah ya yi shi da kauri ne don cikin yarinyar bai fi ƙwallon goruba ba. Yanzu ku ba ni ɗakin."

Mata suka fara fita suna gunaguni. Gwaggo ta ɗauki butarta ta ce ita ba za a koya mata jego ba, ta haifi tara. Ni na gyara zama, don a ganina ba da ni ake ba.

"Hajiya, ke ma."

"Har ni? Ni na haife ta fa."

"Shi ya sa. Ke ce ta farkon fita. 'Yar fari ce a hannunta. A gabanki kike so ta kalle ta?"

Na fita na zauna a kan turmi a bakin ƙofa. Ni da har yau ban taɓa kiran sunan Lawan na yanka ba saboda kunyar ɗan fari, ni da na yi jegonsa fuskata a bango, na zauna kwana biyu a kan 'yata ina kallon ta tana juya kai, ban gane ba. Ina ta auna Umdurman da Agege, abin kuwa namu ne na gida, ni na koya mata shi. Wa zai iya saka zare a allura yana kallon bango?

Ta cikin asabari nake jin su. Ya Falmata ba ta fara da nono ba. Sai da ta sa Rakiya ta sha kunu, ta tambaye ta yadda naƙudar ta kasance, ta bar ta ta yi kukanta ya ishe ta. Daga nan ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta gasa mata ƙirjin, wanda ya cika ya yi tauri, ta tausa shi a hankali har ya saki, ta tatsi kaɗan a cokali ta ɗiga wa yarinyar a baki. Ta tuɓe jaririyar ta kwantar da ita a ƙirjin uwar, fata da fata, ta lulluɓe su da zane ɗaya. Ina jin muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kalle ta. Ba kowa a nan sai ni, ni kuwa ba a jin kunyata. Taki ce. Ga hancin ubanta nan, Allah ya ba ta haƙuri."

Na ji Rakiya ta yi 'yar dariya cikin kuka, karo na farko tun da ta haihu.

"Kada ki sunkuya ki kai mata. Ita za ki kawo. Jira ta wage baki kamar mai hamma. Yanzu. A'a, da zafi? To sa ɗan yatsa a gefen bakin ki cire ta, a sake. Ba a daure wa zafi, zafi yana nufin kamun bai yi ba. Sake. Ko sau goma ne, ba inda za mu."

Sun fi awa biyu a haka. Azahar ta yi, sai ta ɗaga asabari ta yafito ni.

"Shigo. Amma kada ki kalli 'yarki, jikarki za ki kalla."

Na durƙusa a bakin gado. Yarinyar ta cika baki da nono, haɓarta a manne, leɓen ƙasa a waje. Ya Falmata ta kama yatsana ta kai shi kusa da kunnen jaririyar.

"Tsotso daban, haɗiya daban. Mai tsotson banza, leɓe ne kawai ke rawa, kumatu su lotsa. Mai sha kuwa, duba nan, ƙarƙashin kunne. Ya sauka, ya tsaya, ya hau. Kin gani? Yanzu kasa kunne."

Na ji wani ɗan sauti, kamar an saki numfashi kaɗan daga maƙogwaro. Ya sake. Ya sake. Rakiya tana murmushi a ƙarƙashin mayafi, Ya Falmata tana cewa alhamdu lillahi, ni kuwa na kasa ɗauke ido daga kunnen. Domin na san wannan motsin. Jiya na gan shi, a ɗakin Binta, a wannan kunnen. Ko kuwa ban gani ba, yanzu ne idona ya ɗauke shi ya mayar jiya? Ga inda na tsaya ke nan shekara ashirin da biyu.

Da yamma na sami Ya Falmata a bayan ɗaki tana firfita wutar ruwan wanka, na gaya mata da Barbarci don kada wani ya ji. Ba ta ɗago ba.

"Kin tsare rai, babu laifi a nan. Da ina nan ma wataƙila abin da zan sa a yi ke nan. Amma ki faɗa. Ki tara mutum biyu ki faɗa kafin suna."

"Binta ta ce ba ta sha ba."

"Binta tsoron Dije take ji. Ki faɗa tun suna cikin tsumma, yanzu maganar ba ta da nauyi. In suka yi haƙori za ta yi."

Na ce zan faɗa. Amma dangin mijin Rakiya suna tafe daga Miga don suna, in suka ji an kai jikarsu wani ɗaki, labarin tururuwa zai bi su gida, a ce 'yar Hajiya nononta da dafi. Ga Rakiya da ƙyar zuciyarta ta dawo, yaya zan ce mata wata ta riga ta shayar da 'yarta? Ga Gwaggo. Na ce bari a yi suna tukuna. Aka yi suna na ce bari a yi arba'in. Ya Falmata ta cika kwanakinta cif. Ta hana a ba yarinyar ruwa ko da rana ta take, tana cewa a ba uwar ta sha, zai isa inda za shi. Ta koya wa Rakiya ƙirga jiƙaƙƙen tsumma maimakon sauraron masu cewa yarinya ba ta ƙoshi. Ranar da mijin Rakiya ya zo, ta tare shi a soro ta ce, "Malam, kada ka tambaye ta ko nonon yana isa. Ka tambaye ta ko ta ci abinci. In kana son taimako, ga kasuwa can, a samo kifi." Ko Gwaggo daga baya ta sauko, har tana aiko mata da goro. Ranar tafiyarta, lokacin Hafsatu ta yi kumatu, Ya Falmata ta dube ni a bakin ƙofa ta ce, "Kin faɗa?" Na ce saura kaɗan.

Daga nan shekaru suka yi ta tafiya. Ɗan namiji da 'yar mace taubasai ne, duk sallah in an haɗu sai tsokana. Sadiƙu ya ce ga baiwarsa ta zo, Hafsatu ta ce wa zai auri mai kunnuwa kamar faifai, manya su yi dariya su ce Allah ya nuna mana. Ni ma ina dariyar. Ina cewa a raina wasan yara ne. Binta ta rasu Sadiƙu yana shekara bakwai, ba mu taɓa sake tayar da maganar ni da ita ba, ko da ido. Gwaggo ta bi ta. Da Hafsatu ta dawo wurina da zama don karatun aikin jinya, sai na ga wasan ya daina zama wasa. Ta daina tsokanarsa. In ya yi sallama sai ta gyara ɗankwali.

Na shiga neman malamai, ina tambaya kamar labarin wasu ne. Na farko ya ce ɗigo ɗaya ya isa, babu aure. Na biyu, wanda ya yi karatu a ƙasar Larabawa, ya ce sai sau biyar, a ɗaura. Na uku ya ce shaidar mace ɗaya ba ta hana aure a shari'a, amma wanda ya bar abin shakka ya fi kusa da tsira. Na tambaye shi, in ita macen ɗayar ma ba ta tabbata ba fa? Ya ce, "Hajiya, wannan kuma tsakaninta da Ubangijinta." Na dawo gida da amsa uku a kan huɗun da nake da su. Na yi istihara ban ga komai ba sai ruwa.

Ana saura mako guda a tafi Miga na ɗauki mota na nufi ƙauyen Ya Falmata. Yanzu ba ta gani, tana zaune a gidan ɗanta, a inuwar rumfa. Ina yin sallama ta gane muryata, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce:

"Kin faɗa?"

Na gaya mata inda maganar ta kai. Na ce ban tabbata na ga abin da nake zaton na gani ba, wataƙila ita ce ta sa mini shi a ido.

"Bayan kin dawo da ita, ta yi barci?"

"Har magariba."

"Tsumman fa?"

"Ya jiƙe."

Ta ci gaba da murza carbinta. Na matsa na ce ta yanke mini, ita ce ta san abin nan fiye da kowa.

"Ni ba na ɗakin, Hajiya. Kuma ni ba malama ba ce. Kunne na koya miki, ban koya miki fatawa ba."

Haka na dawo. Kwana shida ina cewa gobe. Ranar tafiyar ina jin ana rufe bayan mota, na ga in suka tashi ba zan ƙara iya buɗe baki ba har in mutu, kuma duk ɗan da za su haifa zan riƙa duban sa da wannan tambayar. Na aika aka kira Lawan. Ya durƙusa ya saurare ni har na gama. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa yi ba.

"Inna, shekara ashirin da biyu? Da kin faɗa tun muna iya jin sa."

Ya tashi ya fita ya sa aka sauke goro da alewar. Ban sani ba ko na yi daidai da na hana. Mai yiwuwa malami na biyu ne ke da gaskiya, na raba yara biyu a banza. Abin da na tabbata shi ne laifina ba a ɗakin Binta yake ba, a shirun da ya biyo baya yake. Rakiya, ki ji wannan daga gare ni: nononki bai taɓa yin dafi ba, ni ce na zauna miki a ka. Kuma na rubuta a bangon bayan littafin nan, yadda tsohuwar nan ta Jidda ke yi, cewa an sa Hafsatu a nonon Binta sau ɗaya, ranar kwananta biyu, da la'asar. Duk wadda ta ƙara yin haka a zuriyar nan, ta rubuta a ƙasa a ranar, ta kira mutum biyu.

Sadiƙu ya koma wurin aikinsa, yana aiko mini da gaisuwa ta bakin wasu. Hafsatu kuwa ba ta bar ɗakina ba, ko da yake ta yi kwana goma ba ta ce mini komai ba sai ina kwana. Yanzu a ɗakin haihuwa aka sa ta, ita ke zama da masu haihuwar fari tana nuna musu kamu. Ran nan ta dawo daga aiki da la'asar, ko farin kayan ba ta cire ba, ta zauna a bakin tabarmata.

"Kaka, da ba ki kai ni ɗakin ba fa?"

"Ban sani ba. Wataƙila da kin kai har Ya Falmata ta iso. Wataƙila a'a."

Ta gyara zama ta fuskance ni.

"Ni ma abin da nake nuna musu ke nan kullum. Kunnen. Ban san daga gidanmu ya fito ba." Ta matso, ta zame ɗankwalinta gefe. "Nuna mini inda kika gani."

Na ɗaga hannu na ɗora yatsa a ƙarƙashin kunnenta na hagu, inda muƙamuƙi ya ƙare. Idonta ya cika, amma ba ta bari ya zubo ba, ta haɗiye shi. Wurin ya sauka a ƙarƙashin yatsana, ya tsaya, ya hau.

Na bar yatsana a wurin.